Daminar da Inna ta zo yaye

Tun ranar da yarinyar nan ta fara tafiya ban ƙara samun kwanciyar hankali ba. 'Yar fari ce, don haka ko a rubuce ba zan kama sunanta ba. Gidanmu ne na ƙarshe ta wajen kogi a Ɗinyar Sambo, daga bayan dangarmu sai jinga, daga jinga sai ruwa. In ina daka, hannuna na kan taɓarya, idona na bakin ƙofa. Har igiya na taɓa ɗaura mata a ƙugu na ɗaure a turken akuya. Iya, uwar maigidana, ta fito ta gani ta ce, "Yaushe aka sayo mana wannan 'yar akuyar ba a faɗa min ba?" Na kwance ta kaina a sunkuye. Amma kullum jikina yana ba ni kogin nan sai ya raba ni da wani abu.

Markar bana ce ta tayar min da zancen. Kusan mako ke nan ba mu ga rana sosai ba a nan Dutse, rufin ɗakin hayarmu yana yoyo, duk mun tara robobi. Jiya autana ya shigo daga wasa ƙafarsa duk taɓo. Na sunkuya zan wanke masa, sai warin ya buge ni, warin jiƙaƙƙiyar ƙasa da ruɓaɓɓiyar ciyawa. Na daɗe riƙe da ƙafar har ya ce, "Umma, ki sake ni mana." A nan in ruwa ya gangaro daga duwatsu wucewarsa yake yi, babu mai fita ya duba inda ya kai. A can kuwa, duba ruwa shi ne aikin farko bayan sallar asuba.

Ga wanda bai san wajen ba, ƙauyuka biyu ne ta wajen Miga suke kallon juna, kogi a tsakani. Ta kudu Ɗinyar Sambo, inda aka kai ni aure. Ta arewa Ɗinyar Jatau, inda aka haife ni. Iya ta ce Sambo da Jatau wa da ƙane ne, masunta, yunwa ta koro su daga yamma tun kafin zuwan Turawa. Suka ga kifi, suka ga fadama, kowa ya ɗauki gaɓa ɗaya. Da zuriya ta yi yawa aka shiga noman shinkafa, kowane ɓangare ya ja jinga, wato tudun ƙasar da ake tayarwa a bakin kogi don tare ruwa. A nan ne wa da ƙane suka dafa Alƙur'ani cewa jingar ɗaya ba za ta fi ta ɗan'uwansa tsawo ba ko da ɗani guda. Dalili kuwa, kogi in ya cika dole ya sami inda zai zuba. In jingogin daidai suke sai ya raba wahalar biyu, kowa ya sha kaɗan, ruwa ya tsaya a fadama. In ɗaya ta ɗara, duk abin da ya kasa shiga can, nan zai shigo.

Shi ya sa kowace shekara bayan gayyar jinga akwai ranar awo. Sarkin Ruwan Sambo ya haye da gorar tuƙinsa ya auna ta Jatau, na Jatau ya hayo ya auna tamu, sannan a zauna a ci tuwon shinkafa da miyar kifi ana tsokanar juna. 'Yan Sambo su ce 'yan Jatau ko fatsa ba su iya ɗaurawa ba. 'Yan Jatau su ce ɗan Sambo in ya ga kada sai ya durƙusa ya ce masa ranka ya daɗe. Aure kuwa ya sarƙe, da wuya ka sami gidan da ba shi da 'ya ko jika a ƙetare.

Yawan mutanen garin ba zan iya faɗa ba. Masu ƙidaya sun zo shekarar da aka ba mu jiha, sun shafa mana tawada a yatsa sun tafi, ba mu ji abin da suka samu ba. Abin da na sani, in aka tayar da sallar magariba sahu har gindin ɗinya yake fitowa. In hantsi ya yi, ƙarar turame ba ta barin ki ji kiran maƙwabciya. Jiragen da ake ɗaurewa a mashigi kuwa, yara kan yi tsalle daga wannan zuwa wancan su yi nisa ba su taɓa ruwa ba.

Maƙwabciyata ita ce Hansai. Danga ɗaya ta raba mu, dangar ma mun huda ta muna miƙa wa juna gishiri da garwashi. Ta girme ni, ita ta koya min yadda ake turara shinkafa kada ta kakkarye a turmi. Da na dawo daga wankan gida na tarar ita ma ta haihu, namiji, Ɗanlami. Ta binne biyu kafin shi, don haka ba ta kunyarsa ko kaɗan, a gaban kowa take cilla shi sama tana yi masa kirari.

Bazarar shekarar da abin ya faru ta gasa mu. Kogi ya janye ya bar yashi, sai an tona rami a kwarfi ruwa da ƙoƙo. Tabarma ma in kika kwanta a kai kamar an ɗauko ta daga kan murhu. A cikin zafin nan aka yi gayyar jinga. Maza da fartanya da kwanduna, jakuna da mangala, mai ganga yana bin su. Mu muna cikin gida muna dama kunun tsamiya, tsofaffi suna kaiwa. Ni ta saman danga nake kallon komai. Ranar awo Babana da kansa yana cikin dattawan da suka hayo. Na gan shi ya riƙe gorar, ya kara ta a jikin jingarmu, ya ce, "Daidai." Ya biyo ta ƙofar gidanmu ya bar wa Iya goro.

Ruwa ya sauka da wuri. Aka yi shuka, aka yi noman fari, aka yi maimai. Gero ya yi baƙi ƙirin don kyau, shinkafa ta rufe fadama. Rumbu dai ya yi ƙasa kamar kowace damina, mun koma kwaɗon tafasa da rama, tuwo sai dare, shi ma da ƙyar yake kai ɗumame. Ba mu damu ba, muna ganin abinci a tsaye a gona. Abu ɗaya ne sabo, ciyawar nan kacala da ta fara cin bakin kogi a shekarun. Ta fi mutum tsawo. Da, daga tsakar gidana ina hango shanyar Innata a ƙetare. A daminar nan kacala ta rufe, sai dai hayaƙin girkinsu.

Marka ta yi tsakiya sai ga Inna da hantsi, wana Yaya Sule ya tuƙo ta a jirgi. Bayan gaisuwa ta ce da Iya, "Yaye na zo."

Iya ta ce, "Yaye kuma? Ai da saura wajen wata uku. Wa yake yaye da marka, rumbu ba komai? A bari a yi kaka mana, yarinya ta sami sabon gero."

Inna ta ce, "Mafarkai nake ta yi marasa daɗi. A ba ni ita hankalina ya kwanta." Ta ciro kwalba daga cikin mayafi, har rubutun yayen ta karɓo wajen malam.

Kunyar surukai ta hana Iya ƙarawa. Aka tambayi maigidan, ya ce abin da Inna ta ce shi ke nan. Ni kuwa wa zai tambaye ni? Uwar da ta buɗe baki a kan 'yar fari ta zama abin dariya a gari har ta tsufa. Na haɗa kayan yarinyar. Inna ta shigo ɗakin tana kallon jerena, ta ce, "Talatu, kwanukan nan naki ba za ki ba ni in ajiye miki ba? Ɗakin nan da danshi."

Na yi dariya na ce, "Inna, amarya ce ni da za a kwashe min jere?"

Ba ta yi dariya ba, kuma har ta fita ba ta haɗa ido da ni ba.

Na raka su bakin jinga. Yaya Sule ko saukowa daga jirgi bai yi ba. Da ya miƙo hannu zai karɓi yarinyar na ga tafinsa duk ya yi kanta ya fashe, ƙasa cike da farcensa, alhali an daɗe da gama maimai. Na ce, "Yaya, wane aiki kake yi haka?"

Ya ce, "Ke dai kin cika tambaya." Ya tura jirgi.

Ina dawowa na ji muryar Hansai ta hudar danga. "Ke Talatu, matso. Faɗa min tsakani da Allah, kwanika kika yi?"

Na ce, "Allah ya kiyaye! Wane irin ciki ina goyo?"

"To me ya kawo yaye da marka? Maigidan naki dai ba shi da haƙuri, ga shi shiru-shiru kamar na Allah."

Na jefe ta da ɓawon gyaɗa, tana ta ƙyaƙyatawa. Amma da yamma ita ta zagayo da tsohon zane ta ɗaure min ƙirji. Nono ya cika ya yi tauri, ko hannu ba na iya ɗagawa, zazzaɓi yana kama ni yana saki. Ita take ɗebo min ruwa a kwanakin.

Ba a yi mako biyu ba ruwan ya zo. Ranar ko hadari babu, rana tsaf, har na baza barkono. Tun safe dai na ga tururuwa suna hawa danga da ƙwansu a baki. Bayan azahar na leƙa, sai na ga ruwa yana zubowa ta saman jinga a hankali, kamar tukunya ta tafaso. Mata suka fara ɗaure kaya. Dattawa suka zo suka tsaya suka duba, Mai unguwa ya ce kowa ya kwantar da hankalinsa. "Rabawa zai yi. Yanzu haka yana zuba ta Jatau ma. A fadama zai tsaya, haka muka gada." Maigidan ya ɗauko tsani zai kwashe ɗan abin da ya rage a rumbu, ya mayar ya jingine, kada a ce ya fi dattawa sani.

Kafin la'asar jinga ta ɓalle daidai bayan gidanmu. Ƙarar kamar an kifar da babbar mota. Ruwan ja ne, mai sanyi, yana tafe da kara da kaji. Ina kallo gindin rumbunmu ya jiƙe, ya karkata, ya zauna a ruwa. Ɗakunan ƙasa suka riƙa narkewa ta ƙasa suna durƙushewa. Maigidan ya goyi Iya, Hansai ta ɗora Ɗanlami a wuya, muka bi ruwa har ƙirji zuwa tudun firamare. Duk hanyar kuka nake, ina cewa in nan ya yi haka, can ƙetare fa? Yarinyata fa? Hansai tana haki tana ce min, "Yi shiru, Inna ba za ta bari ba."

A tudun nan muka cunkushe cikin azuzuwa da awaki. Marka ta dawo. Itace jiƙaƙƙe, hayaƙi ya hana mu buɗe ido, zane ba ya bushewa a jiki. Maza suna shiga gona da jirgi suna yanko kan geron da ya tsira sama da ruwa, ɗanye, mu babbaka mu murje. In an samu bado a dafa, in an kama kifi a ci ba gishiri. Ruwan da muke sha shi ne wanda ya bi ta masai da maƙabarta. Yara suka fara gudawa.

Zazzaɓi ya kwantar da Hansai, nononta ya ɗauke. Ɗanlami yana tsotsa yana saki yana kuka, idonsa ya faɗa. Na kwance zanen ƙirjina na ce ta miƙo shi. Iya ta ce, "To ku sani, in ya sha ya ƙoshi ya zama ɗanki, babu aure tsakaninsa da taki."

Hansai tana kwance ta ce, "Shi ke nan, na yi asarar suruka. Dama 'yan Jatau ba su iya tuwo ba."

Ya kama ya sha har ya yi barci a cinyata. Ni ma ranar na fara jin ƙirjina ya sauka. Kwana biyu ina ba shi, ya fara zama, har ya ja min ɗankunne.

A rana ta uku ne Sarkin Ruwa da maigidan suka samu suka haye, don a ga halin da 'yan'uwa suke ciki. Da azahar suka dawo. Na taso da yaron a hannu ina tambayar yarinyata. Maigidan ya ce, "Lafiyarta ƙalau." Bai kalle ni ba. Sarkin Ruwa ya jefar da gorarsa a ƙasa a gaban jama'a ya ce, "Ko awo ba sai na yi ba. Jatau a bushe take, awaki suna kiwo a fadama. Sun yi wa jingarsu ƙari a bayan kacala, buhunan taki cike da ƙasa, har ƙirjina."

Can wata tsohuwa daga bayan aji ta ce, "Ashe shi ya sa aka zo yaye."

Hansai ta miƙe tana dafa bango. Ta zo ta zare Ɗanlami daga hannuna, bakinsa da nono.

Ta ce, "Kin sani."

Na ce, "Wallahi Yaya Hansai..."

"Kada ki rantse. 'Yan gidanku sun riga ki rantsuwa." Muryarta ko ɗagawa ba ta yi ba. "Danga ɗaya, Talatu. Da kin leƙo kin ce min, Hansai kai yaronki Taura wajen yayarki, ko dalili ba zan tambaye ki ba."

Na ce ta zage ni, ta dake ni, amma ta bar yaron ya sha. Ta juya min baya. Na tatsa a ƙoƙo na ba Iya ta kai mata, aka dawo da shi yadda yake. Na sake aikawa washegari, ta ce a gaya min ɗanta ba zai ƙara shan abin da ya fito daga Jatau ba. Tana ba shi ruwan bado da cokali. Ina jin kukansa daga ɗaya ajin, rigata tana jiƙewa. Kukan ya riƙa raguwa. Bai cika mako ba. A gefen filin ƙwallon makarantar aka binne shi, don maƙabarta tana ƙarƙashin ruwa. Na je gaisuwa, ta juya fuskarta bango har na tashi.

Da ruwa ya ja na sa aka haye da ni. Na tarar da tsakar gidan su Inna a share, shanya a igiya, yarinyata ta yi ɓulɓul tana cin dafaffiyar gyaɗa. Na tsaya ko zama ban yi ba.

"Inna, kin sani?"

Ta ci gaba da tankaɗe. Sai da na maimaita ta ce wani ne ya gaya wa mazan a kasuwar Taura cewa za a sako babban ruwa daga yamma, wanda ko an raba shi biyu sai ya ci gidaje. Dattawa suka zauna, aka rantsar da kowa har mata, don in Sambo ta ji ita ma ƙari za ta yi, aikin ya tashi a banza.

Ta ce, "Abin da na iya ɗauka na ɗauka."

"Ni fa, Inna?"

"Ke matar mutane ce. In na ce ki taho, sai an tambayi dalili."

Na je zaure wajen Baba na durƙusa. Na ce, "Baba, ni na gan ka da gora a hannu." Yana jan carbi ya ce, "Kowa gidansa ya tare, Talatu. In kin girma za ki gane." Na goya yarinyata tana kuka tana miƙa wa Inna hannu. Tun daga ranar ban ƙara kwana a gidan ba.

Da bazara ta zagayo ba a yi gayyar jinga ba. Wa zai auna ta wa? Masu mata 'yan Jatau wasu suka sake su, wasu suka tashi da su don gudun gori. Gida-gida aka riƙa watsewa, wasu Garki, wasu Kano, wasu inda ba a sani ba. Hansai da mijinta tun kafin kaka suka ɗora abin da ya rage a jaki, ba ta yi sallama da kowa ba. Mu mun ƙara damina biyu muna noman tudu, ina fita mata suna yin shiru, sannan muka taho Dutse, maigidan ya kama turin kurar ruwa. Zuwana na ƙarshe rasuwar Iya ce. Sahun magariba bai kai bango ba. Inda ɗakina yake kacala ce. A ƙetare kuwa rufin kwano sai ƙyalli yake.

Yanzu da aka ƙaddamar da shari'a, abokan maigidan 'yan garinmu sukan ce a kai maganar gaban alƙali, tunda rantsuwa aka karya. Ni dai in sun fara sai in shige ɗaki. Ubana za a kai. Inna tana aiko min da busasshen kifi, ina karɓa, ina aika gaisuwa, uwa ce. Amma ban taɓa iya sa shi a miyata ba, maƙwabta nake ba wa.

Don Allah, wanda duk wannan ya isa gare shi, in ya san wata Hansai 'yar Ɗinyar Sambo, doguwa, mai wushirya, mijinta masunci ne, ya gaya mata Talatu ba ta sani ba. In ta ƙi yarda kada a matsa mata. A dai faɗa mata, sannan a aiko min in ji ko tana raye.